Alƙali Edwin Cameron da abin da koyarwarmu ta dogara a kai

Labarin Edwin Cameron na Afirka ta Kudu ya isa mu tsaya mu yi tunani. Lauya ne da ya fito fili ya bayyana cewa shi ɗan luwaɗi ne. Nelson Mandela ya naɗa shi alƙali, daga baya ya hau Kotun Ɗaukaka Ƙara. A can ne, a 2004, ya rubuta hukuncin shari'ar Fourie da ya goyi bayan auren jinsi. Kotun Tsarin Mulki ta bi sawu a 2005, majalisa ta kafa doka a 2006. Shi kuma ya shiga Kotun Tsarin Mulkin a 2009, ya yi ritaya a 2019.

Mu a Najeriya mukan jingina da dokar 2014 da ta haramta auren jinsi. Amma dokar ƙasa takan sauya, kamar yadda ta sauya a can cikin 'yan shekaru. Idan matasanmu ba su san abin da Farawa 2:24 ke koyarwa game da miji da mata ba, ranar da dokar ta sauya, me zai riƙe su?

Akwai kuma abin da ya kamata ya kunyata mu. A 1999 Cameron ya bayyana cewa yana ɗauke da ƙwayar cutar ƙanjamau, ya kuma yi fafutukar sama wa talakawa magani, a lokacin da masu cutar ke ɓuya a ikkilisiyoyinmu don tsoron gori. Ba mu yarda da ra'ayinsa kan aure ba, amma shi ma cikin kamannin Allah aka halicce shi. Mu riƙe koyarwar Littafi Mai Tsarki, mu bar zagi da wulakanci.