Ithaca: Kwazazzabo na Kallo ne, Tsohon Layin Dogo na Gudu

A jihar New York ta Amurka, daidai inda tafkin Cayuga ya tuƙe daga kudu, akwai wani ƙaramin gari mai suna Ithaca. Ƙidayar 2020 ta nuna mazaunansa dubu 32 ne da ɗoriya, amma sunansa ya yi nisa saboda abu biyu: Jami'ar Cornell, wadda aka kafa a 1865 bisa tudun gabas, da kwazazzabai masu zurfi da ruwa ke bi daga tuddai zuwa tafki. Garin ya kuma yi suna wajen masu gudun motsa jiki, har suna da ƙungiya tun 1968. Wanda ya ga hotunan da ake tallata garin da su zai ɗauka a cikin kwazazzaban nan ake gudun, tsakanin wannan magangarar ruwa da waccan. Galibin gudun kuwa a wani wuri ake yin sa, kuma daidai ke nan. Hukumomin garin da na jihar sun yi hankali da suke rufe yawancin hanyoyin kwazazzabo idan hunturu ya shigo, suka kuma zuba kuɗi a shimfiɗaɗɗun hanyoyin da ba su cika fitowa a hoto ba.

Sai an san yadda ƙasar ta samu kafin a gane dalili. Dubban shekaru da suka wuce, dandazon ƙanƙara ya gangaro daga arewa ya kwarfe kwarin da tafkin yake ciki, har zurfinsa ya haura mita 130, tsawonsa kuma ya kai kusan kilomita 61. Da ƙanƙarar ta narke, sai ƙoramun da ke gefe suka tsinci kansu a sama, kwarin yana can ƙasa. Tun daga lokacin suke cin dutse don su iso tafki. Dutsen yankin irin mai ɓarewa falle-falle ne, wanda ya samu daga laka da yashin wani tsohon teku, shi ya sa ruwa ke yanka shi cikin sauƙi. Wannan laushin ne ya ba garin magangarar Taughannock, wadda ruwanta ke faɗowa daga tsawon mita 65, ta ɗara Niagara da kimanin mita 10. Shi ne kuma ke sa bango ya zubo ba sallama, musamman bayan ruwa ya shiga tsaga ya daskare ya buɗa ta.

Kwazazzabon Cascadilla ya isa misali. Gajeriyar hanya ce ta matakalar dutse da ta haɗa tsakiyar gari da harabar jami'a, hawan kusan mita 120, ana tafe ruwa na zuba a gefe. Samun irinta a cikin gari ba ƙaramar baiwa ba ce. Amma matakalar ƙunci gare ta, kullum a jiƙe take da feshin ruwa, ga ɗalibai da jakunkuna, ga tsofaffi, ga iyaye riƙe da hannun yara. A 2008 aka rufe ta don gyara, guguwar Lee ta zo a 2011 ta ƙara ɓarna, ba a sake buɗe ta gaba ɗaya ba sai 2014, bayan an kashe fiye da dala miliyan biyu. Hanyar da ta ci wannan kuɗi da waɗannan shekaru ba wurin gwada sauri ba ce.

Masu ja da wannan ra'ayi suna da hujja, kuma ba ta banza ba ce. Suna cewa baligi shi ya san abin da ƙafarsa za ta iya, kuma gudun daji wasa ne mai zaman kansa. Ana ma shirya gasar dogon zango a gandun Robert Treman da na Buttermilk, masu gudu su hau matakala su sauka. Gaskiya ne. Sai dai gasa tana da rana, tana da izini, tana da masu lura a hanya. Wanda ya tsallake shinge a watan Janairu ya shiga kwazazzabon da ƙanƙara ta lulluɓe, ya jefa wasu ma cikin kasada. Idan ya zame, ma'aikatan kashe gobara ne za su ɗaura igiya su sauka bayansa a kan ƙanƙarar da ta kayar da shi. Ruwan Fall Creek ya sha cin matasan da suka shiga wanka a inda aka hana, domin ƙarƙashin magangara akwai igiyar ruwa mai jan mutum ƙasa. Garin da ya sha binne baƙinsa da ɗalibansa yana da damar ya yi rowar ƙofa. Mai son hawa kuma bai rasa ba: hanyoyin da ke bin gaɓar kwazazzabo ta sama sun fi faɗi, kuma duk wanda ya taɓa hawa titin Buffalo daga cikin gari zuwa jami'a ya san tudu ba ya ƙaranci a Ithaca.

Ainihin dukiyar mai gudu a garin tana kwance a kan abin da jirgin ƙasa ya bari. Jirgi ba ya son tudu, don haka injiniyoyin ƙarni na 19 suka yi ta neman layin da zai hau a hankali. Da harkar jiragen ta mutu, sai gadon layin ya zama hanya. Fitacciya a cikinsu ita ce Black Diamond, wadda ta ari sunan wani jirgin fasinja na kamfanin Lehigh Valley da ya yi zirga-zirga tsakanin birnin New York da Buffalo daga 1896 zuwa 1959. An buɗe ta a 2016. Tana tashi daga filin Cass a bakin gari, ta miƙe kilomita 13 da ɗoriya bisa niƙaƙƙen dutse, cikin inuwar itatuwa, tana tsallake ƙananan ƙoramu, tafki na leƙowa daga dama, har ta kai mutum saman Taughannock. Hawan nata ba ya tsinka numfashi, dawowa kuma gangara ce. A tudun kudu, inda Kwalejin Ithaca take, akwai wata irinta mai kimanin kilomita 5. A bakin tafki kuma akwai hanyar kwalta ta kusan kilomita 13 da ta haɗa filin Stewart da kasuwar manoma da filin Cass, wadda aka yi fiye da shekara goma ana ginawa kashi-kashi.

Waɗannan hanyoyi su ne ke ɗaukar kowa: ma'aikaciyar asibiti da ta tashi daga aikin dare, dattijon da likita ya ce ya rage nauyi, mai keken guragu, uwa mai tura keken jariri. Kwazazzabo kuwa sai mai lafiyar gwiwa, kuma rabin shekara kawai. Idan ana maganar kuɗin jama'a, wannan bambanci shi ya kamata ya yanke hukunci.

Akwai wani abin da mai gudu ke takawa ba tare da ya sani ba, wato tarihin mallakar ƙasar. Yankin na al'ummar Cayuga ne, kuma a 1779 rundunar Janar Sullivan ta ƙone ƙauyukan yankin da gonakinsu. Daga baya magangarun suka zama injin masana'antu. Ezra Cornell, tun kafin ya yi arziki da wayar tangaraho, ya fasa rami a dutsen magangarar Ithaca don kai ruwa ga injin niƙa. A kusa da nan masana'antar bindigogi ta yi shekaru tana aiki, ta bar gubar dalma a ƙasa, har hukumar kare muhalli ta tarayya ta zo kwashe ƙasar a farkon shekarun 2000. Da an bar komai a hannun masu shi, da yau katanga ce ta kewaye wuraren nan. Abin da ya sauya labari shi ne kyautar da ɗan kasuwa Robert Treman ya yi wa jiha: kwarin Enfield a 1920, sannan Buttermilk a 1924. A shekarun 1930, lokacin karayar tattalin arziki, gwamnatin Roosevelt ta ɗauki matasa marasa aiki suka gina matakala da gadoji na dutse, suka kuma sake gina abin da ambaliyar 1935 ta rushe. Yawancin abin da baƙo ke yaba wa a matsayin baiwar Allah, akwai gumin magina a kansa.

Inda garin ya cancanci suka shi ne jinkiri. Babban titi mai lamba 13 ya raba unguwanni da bakin tafki, sai mai gudu ya tsaya jiran fitila a gaban manyan motoci kafin ya isa ruwa. Tsarin asali na Black Diamond shi ne ta zarce kudu ta haɗa Taughannock da Buttermilk da gandun Treman, yadda mutum zai ratsa su duka ba tare da ya haɗa kafaɗa da mota ba, amma sashen arewa ya riga na kudu da shekaru. A farkon shekarun 2000 an ɗora gadar masu tafiya a ƙasa bisa titin 13 kusa da Buttermilk, ta yi fiye da shekara goma a tsaye babu hanyar da ta iso ta daga kowane ɓangare, har mutanen gari suka raɗa mata suna gadar da ba ta zuwa ko'ina. Kuɗin ƙarfe ya samu da wuri. Sasantawa kan 'yan filayen da hanyar za ta ratsa ita ce ta cinye shekarun.