Kada mu ƙarasa sauran namun dawa da guba

Ƴan'uwa masu karatu, dattawan Maradi da Tibiri da Jiratawa suna ba da labarin zamanin da gulbin Maradi yake kurmi, kura na kuka bayan gari da dare. Yau babu zaki ko ɗaya cikin jihar Maradi. A ƙasarmu sai gandun dajin W, can yamma. Binciken da aka fitar a 2014 ya nuna zakunan Afirka ta Yamma duka ba su wuce kamar 400 ba.

Wani zai ce: to, ai mun huta. Amma mai cin nama yana da aikinsa cikin daji. Yakan kama dabba gurguwa da marar lafiya, garke ya zauna da ƙarfinsa. Tsoronsa yana hana masu cin ciyawa zama wuri guda har su cinye tsiro. A Amurka, gandun Yellowstone, an maido da kyarkeci a 1995. Manyan bareyi suka ragu, itatuwan bakin rafi suka sake tashi a wasu wurare.

Mu abin da ya rage mana shi ne dila da yanyawa da mujiya da shaho. Su ne ke cin kusa masu tone irin gero bayan shuka. Wanda ya zuba guba cikin mushe don dila ta ci mashi ɗan akuya, ya kashe ungulu da karnukan gari tare, kuma ya bar gonarsa ga kusa.

Makiyayi na da gaskiyarsa, dabba dukiya ce. Maganin shi ne shinge mai ƙarfi da dare, da kare, da yaro mai tsaro. Rigakafi ya fi magani.

Muna kira ga ma'aikatan gandun daji da sarakuna da masu gari su bayyana ma talakawa dokar farauta ta 29 ga Afrilu 1998, da harshen Hausa, cikin kasuwanni da makarantun yaƙi da jahilci. A tsare gandun Gadabeji, wanda aka keɓe tun 1955, inda aka kai raƙuman dawa 8 daga Kure a 2018. A Maradi aka ɗauki alkawalin yaƙi da hamada a 1984, manoma suka raya itatuwa cikin gonakinsu. Cikon wannan alkawali shi ne mu bar namun dawa su rayu cikin itatuwan.

Allah ya ba mu damina mai albarka, amin.