Ladan Ɗalibai 'Yan Wasa A Ƙasar Amurka

Ga wata mas'ala daga ƙasar Amurka wadda ta cancanci malamai su dube ta, 'yan kasuwa kuma su auna ta, domin rabinta fiƙihu ne, rabinta ciniki. Akwai samari masu karatu a manyan makarantun ƙasar, watau jami'o'i da kwalejoji, suna yi wa makarantun wasan ƙwallo, ana tara dukiya da su. Shin a biya su ladan aikinsu, ko kuwa karatun da ake ba su kyauta ya isa? Masu makarantun sun shekara fiye da 100 suna hana biyan, sai a 'yan shekarun nan alƙalai suka tilasta musu sake magana.

Wanda bai san ƙasar ba zai zaci wasan yara ne a filin makaranta bayan la'asar. To, filin jami'ar Mishigan kaɗai yana cin mutum fiye da 107,000, kowa kuwa da kuɗinsa ya shiga. Ƙungiyar da ke mulkin wasannin, mai suna NCAA, wadda aka kafa a 1906, tana da makarantu kimanin 1,100 a ƙarƙashinta. A 2010 ta sayar wa gidajen talbijin izinin nuna gasar ƙwallon kwando ta watan Maris a kan dala biliyan 10.8 na shekara 14, sa'an nan a 2016 aka ƙara shekara 8 a kan dala biliyan 8.8. Masu horar da yaran ma ba a bar su a baya ba. Da jami'ar Teksas A&M ta sallami mai horar da 'yan wasanta, Jimbo Fisher, a 2023, sai da ta ɗauki biyansa fiye da dala miliyan 75, ladan zama a gida ke nan. Yaron da ake karya wa ƙafa a filin kuwa, shekaru kaɗan kafin wannan, in wani attajiri ya ba shi kuɗin mota, sai a kore shi daga wasa, a ce ya ɓata tsarkin sana'ar. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Asalin sunan da ake kiran yaran da shi ma abin lura ne. A 1955 wani saurayi, Ray Dennison, ya bugu a ka yana yi wa wata kwaleji ta jihar Kolorado wasan ƙwallon Amurka, irin wanda ake yi da hular kwano da gwabza jiki, ya mutu. Matarsa ta nemi diyyar da doka ta yanka wa iyalin ma'aikacin da ya mutu a bakin aiki. Babbar kotun jihar ta hana ta a 1957, ta ce mamacin ba ma'aikaci ba ne. A zamanin nan ne shugaban NCAA, Walter Byers, ya sa aka riƙa kiran yaran ɗalibai 'yan wasa a kowace takarda, kada a kuskura a kira su ma'aikata. Shi da kansa, bayan ya bar aiki, ya bayyana a littafinsa na 1995 cewa tsoron biyan diyya ne ya haifi wannan suna.

Malamai sun sani canja wa ciniki suna ba ya canja hukuncinsa. Kuɗin ruwa ba ya halatta don an kira shi goro. Mutum ya ba da ƙarfinsa da lokacinsa ga wani, wancan ya yanka masa lokacin tashi da na kwanciya, da abin da zai ci, da ranar tafiya, ya kuma sayar da amfanin aikin a kasuwa, wannan ijara ce, ko da me aka kira ta. Dokar NCAA ta ce kada horo ya wuce sa'a 20 a mako, amma binciken da ita ƙungiyar ta yi da kanta ya nuna 'yan ƙwallon manyan makarantu suna kashe sa'a 40 ko fiye a lokacin gasa. Ma'aikacin ofis ma iyakarsa ke nan. A fiƙihu kuwa, in ƙullin ijara ya ɓaci amma aiki ya riga ya gudana, ba a sallamar mai aikin hannu wofi, sai a ba shi ladan da ake ba irinsa a kan irin aikin.

Masu hanawa suna da hujjoji, kuma ba duka ne na banza ba. Suna cewa karatun kyauta lada ne, tun da akwai makarantun da kuɗinsu ya haura dala 60,000 a shekara, ga abinci, ga makwanci. Gaskiya ne, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Amma lada sai ya shiga hannu ake ce masa lada. A jami'ar Karolina ta Arewa, binciken da aka fitar a 2014 ya gano cewa shekara 18 ana rubuta ɗalibai a wasu azuzuwan da ba malami, ba darasi, sai dai a ba da maki. Ɗalibai kimanin 3,100 suka bi ta nan, kusan rabinsu 'yan wasa. An yi haka ne don kada su faɗi jarrabawa a hana su fita fili. Ashe an biya su da kuɗin jabu. Bugu da ƙari, daga 1973 har 2012 dokar ƙungiyar ba ta yarda a yi wa yaro alkawarin karatu fiye da na shekara guda ba, sai an sabunta. In gwiwa ta lalace ko mai horarwa ya ga wanda ya fi shi, karatun na iya tafiya tare da wasan. Ɗan kasuwa ba zai yarda da cinikin da ɗaya ɓangaren ke iya warwarewa duk sa'ad da ya ga dama ba.

Suna kuma cewa kuɗi yana ɓata niyya, wasan makaranta ya kamata a yi shi don ƙauna. Malaman Malikiyya sun halatta karɓar lada a kan koyar da Alƙur'ani, aikin da babu wanda ya fi shi daraja. In lada bai ƙazantar da wannan ba, yaya zai ƙazantar da jefa ƙwallo cikin kwando? Sa'an nan mai horarwa yana karɓa, mai sayar da tikiti yana karɓa, mai ɗinka rigunan yana karɓa, shugaban makaranta yana karɓa; yaron kaɗai aka ɗora wa zuhudu, shi ne kuwa mafi talauci a cikinsu. A 2014 wani ɗan wasan jami'ar Konetikat, Shabazz Napier, ya gaya wa 'yan jarida akwai daren da yakan kwanta da yunwa, a shekarar da ya ciyo wa makarantarsa kofin ƙasa.

Wani zai kawo misalin yaron kanti, wanda ke yi wa ubangidansa hidima shekaru ba albashi, daga baya a ba shi jari ya tsaya da ƙafarsa. Misalin ya yi kusa, domin makarantun nan ne ƙofar shiga manyan ƙungiyoyin da ke biyan miliyoyi. Amma ubangida na ƙwarai yana sallamar kowane yaronsa da jari. A can kuwa, bisa lissafin NCAA, ko biyu cikin ɗari na 'yan ƙwallon ba sa samun shiga. Sauran 98 sai su tafi da takardar shaida, in sun samu, da ciwon baya.

Hujjar da ta fi nauyi ita ce ta kasafi. Yawancin makarantun ba sa cin riba da wasanni, kuma kuɗin ƙwallon Amurka da na kwando shi ke ɗaukar masu tsere da masu iyo da wasannin mata, waɗanda dokar ƙasar ta 1972 ta wajabta a ba su dama daidai da maza. In aka biya waɗancan, ana tsoron a rufe waɗannan. Tsoron yana da tushe. Sai dai fiye da rabin 'yan ƙwallon kwando na manyan makarantu baƙar fata ne, da yawansu daga gidajen talakawa, an kuwa shekara da shekaru ana ɗibar guminsu ana yi wa wasu hidima ba a tambaye su ba. Sadaka da dukiyar wani ba ta da lada. Makarantar da ke iya ba mutum guda dala miliyan 75 don ya tafi gida, ita ya kamata ta nemo kuɗin masu iyo daga wannan aljihun. Ƙananan makarantu, inda ba a sayar da komai, ba su shiga wannan magana ba.

Alƙalai sun bi a hankali. Ed O'Bannon, wanda ya ci kofi da jami'ar UCLA a 1995, ya ga siffarsa cikin wani wasan kwamfuta ana sayarwa ba a ba shi ko anini ba, ya kai ƙara a 2009, mai shari'a Claudia Wilken ta ba shi gaskiya a 2014. A Yunin 2021 Kotun Ƙoli, alƙalanta tara baki ɗaya, ta kayar da NCAA a wata ƙarar. Ɗayansu, Brett Kavanaugh, ya rubuta cewa irin wannan tsari haramun ne a kusan kowace sana'a ta ƙasar. Dalilinsa a fili yake ga duk wanda ya san kasuwa: in fatake duka suka haɗa baki kada wanda ya biya ɗan dako fiye da kaza, sun zalunce shi, ko da kowannensu yana ba shi tuwo. Daga 1 ga Yulin 2021 aka ƙyale yaran su yi talla da sunansu da hotonsu. A Yunin 2025 Wilken ta amince da sulhun da ya sa a biya tsofaffin 'yan wasa kimanin dala biliyan 2.8 cikin shekara 10, aka kuma yarda kowace makaranta ta raba wa 'yan wasanta har kimanin dala miliyan 20.5 a shekarar farko.

Wannan gyara ne, amma an gyara rufi an bar tushe. Sulhun ya ba da kuɗi, bai kira yaran ma'aikata ba, watau diyyar da aka hana matar Dennison tana nan a hane. Kent Waldrep, wanda ya karye a wuya a 1974 yana yi wa wata jami'ar Teksas wasa, ya ƙare rayuwarsa a keken guragu, kotu ta ce masa a shekarar 2000 shi ma ba ma'aikaci ba ne. Tun 2024 ƙungiyar ta sa inshorar jinya ta shekara 2 bayan barin wasa, alhali ciwon ƙwaƙwalwar da yawan gwara kai ke haifarwa yakan ɗauki shekaru masu yawa kafin ya bayyana. Abin da ya dace shi ne rubutacciyar yarjejeniya: ga aiki, ga wa'adi, ga lada, ga wanda zai ɗauki jinya, ga tabbacin karatu ko an daina wasa. Yaron ma ta ɗaure shi, domin yanzu wasu suna sauya makaranta kowace shekara suna bin mai tsoka, dillalai suna zuga su. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Maganar ta shafi 'ya'yan Afirka. Hakeem Olajuwon daga Ikko ya tafi jami'ar Huston, Masai Ujiri kuwa a Zariya ya tashi kafin ya yi wasan kwaleji a Dakota ta Arewa, kuma har yau samari suna bin sawunsu. Iyayen da za a zo wa da irin wannan tayi su sani izinin shiga na karatu ya taƙaita wa baƙo aikin kuɗi a cikin Amurka. Oscar Tshiebwe, mutumin Kwango, an zaɓe shi gwarzon ƙwallon kwando na makarantun ƙasar a 2022, abokansa suna talla suna karɓar kuɗi, shi kuwa sai da ƙungiyarsa ta jami'ar Kentaki ta tafi tsibiran Bahamas a watan Agusta na shekarar, sa'an nan ya samu ya yi nasa tallan a wajen ƙasar.