Darasin Da Ke Cikin Kuza

A rangadin da muke yi na makarantun ƙasar Gwarzo da Kabo mun sha tarar da malami ya zana ƙwayar zarra a allo, yara sun haddace sunayen abin da ke cikinta, shi ke nan an wuce, sai ka ce maganar ta ƙare. A ganinmu wannan kuskure ne, gama har gobe masana suna kan bincikenta.

Bari mu ɗauki misali da kuza, wadda kowa ya san labarin haƙarta a Jos. Kowace ƙwayar zarra tana da cibiya, a cikin cibiyar kuwa akwai 'yan ƙwayoyi iri biyu, watau furoton da nutiron. Cibiyar kuza kullum furoton 50 gare ta, amma yawan nutiron yakan bambanta. Wadda aka fi samu tana da 70. A 1949 Maria Goeppert Mayer a Amurka da Hans Jensen a Jamus suka bayyana cewa ƙwayoyin nan a jere suke hawa hawa, kuma in hawa ya cika cif, cibiya takan yi ƙarfi. Adadin da ke cika hawa su ne 2, 8, 20, 28, 50, 82 da 126. Ga shi 50 na kuza yana ciki, kuma ita ce ke da iri goma masu ɗorewa, ba wani sinadari da ya kai ta.

To, in aka cusa wa cibiya nutiron fiye da kima fa? Masana sukan ƙera irin waɗannan cibiyoyi da manyan injuna, kamar na RIKEN a Japan da wanda aka buɗe a Jami'ar Jihar Michigan a 2022. Kuza mai nutiron 82 rabinta yakan rikiɗe cikin wajen daƙiƙa 40, duk da haka gwajin da aka buga a 2010 ya nuna hawanta biyu a cike suke. Amma a wasu cibiyoyi marasa nauyi an ga ƙa'idar 20 ta rushe, saboda haka yanzu ake ƙoƙarin gwada 126 a cikin masu nauyi. Abin yana da muhimmanci, domin ta hanyar irin cibiyoyin nan ne zinariya ke samuwa, kuma an ga alamun wannan aiki a 2017 sa'ad da aka hango karon wasu taurari biyu.

Wani zai ce, ina ruwan ɗan manomin Kabo da wannan? Sai mu ce ya dubi Zariya. Tun 2004 Jami'ar Ahmadu Bello take da ƙaramin tukunyar nukiliya ta bincike, inda ake jefa wa ɗan samfurin ƙasa ko dutse nutiron, sa'an nan a auna hasken da ya fitar, a gane sinadaran da ke ciki. Ya kuma dubi Arlit a Nijar, inda aka soma haƙar yuraniyam a 1971, aka riƙa kai shi Faransa a da. Wanda ya iya haƙa kaɗai, bai san abin da ya haƙo ba, lalle ɗan ƙwadago zai zauna a kan dukiyarsa.

Don haka muna roƙon malamai su koyar da darasin nan da tambaya da lissafi, yaro ya ƙirga da hannunsa, ya kuma ji inda sanin masana ya tsaya. Shugabannin makarantu su nemi izinin kai manyan ɗalibai Zariya su gani da idonsu. Akawuna masu tsara kasafi kuma kada su fara yanke kuɗin ɗakin gwaji in an sami gibi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah ya sa mu dace, amin.