Keken Guragu Ba Akwati Ba Ne

Tashar Unguwa Uku da ke bakin titin Zariya ita ce mafitar matafiyin da zai yi kudu daga Kano, ko Kaduna ya nufa ko Abuja. Wanda ya taɓa tsayawa a wurin da sassafe ya san yadda ake loda kaya: buhuna a ƙasa, jakunkuna a sama, sannan a ja igiya a ɗaure but ɗin da ya ƙi rufuwa. A cikin irin wannan lodi wani lokaci akan hango keken guragu an naɗe an cusa. Mai keken kuwa an ciccibe shi an ajiye a kujera, inda zai yi sa'o'i ba halin sauka ko don kama ruwa, domin abin da ke madadin ƙafafunsa yana ɗaure a bayan mota. Tafiyar Abuja ta haura kilomita 400. A jirgin sama ba ta wuce awa guda.

Tsadar tikiti ce ke hana yawancin mutane hawa jirgi, wannan ba abin gardama ba ne. Sai dai akwai mai buƙata ta musamman da ke da kuɗin, ko ma'aikatarsa ta biya masa, ko likita ya tura shi Masar ko Indiya, ko ya yi niyyar Umara, amma gabansa na faɗuwa tun kafin ya isa filin jirgi. Kalma ɗaya yake tsoro: batir. Ya san da zarar ma'aikacin kanta ya dubi kekensa mai lantarki ya ce "batir ne a ciki", magana za ta iya ƙarewa a nan, alhali ƙa'idar da ake fakewa da ita ba ta ce a hana shi tafiya ba.

Haɗarin dai gaskiya ne. Batirin litiyam, irin na waya da kwamfuta, idan ya fashe ko wayoyinsa suka haɗu, yakan ɗau zafi har ya kama da wuta mai wuyar kashewa. A watan Satumba na 2010 wani jirgin dakon kaya na kamfanin UPS ya faɗi a Dubai bayan wuta ta tashi a cikin lodin da ke ɗauke da irin waɗannan batura, matuƙansa biyu suka rasu. Saboda haka babu mai hankalin da zai ce a soke ƙa'ida. Abin da ake cewa shi ne a karanta ta.

Hukumar ICAO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ce ke shimfiɗa ƙa'idar, ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta IATA kuma ta zuba ta a littafin da ma'aikata ke aiki da shi. Idan batirin keken busasshe ne wanda ba ya zuba, ana iya barinsa a jikin keken, muddin yana ɗaure sosai kuma an katse wutarsa yadda keken ba zai tashi da kansa ba. Idan mai ruwa ne, dole a loda keken a tsaye, in ba zai yiwu ba a cire batirin a sa shi a mazubin da ba ya yoyo. Idan na litiyam ne kuma ginin keken ya kare shi, shi ma ana iya barinsa a jiki. In kuwa irin wanda ake zarewa ne, sai a zare, a rufe bakinsa, fasinja ya shiga da shi cikin jirgi a hannu, da sharaɗin kada ƙarfinsa ya wuce 300 Wh. Har ma an yarje masa ya riƙe na ko-ta-kwana: guda ɗaya da bai wuce 300 ba, ko guda biyu da kowanne bai wuce 160 ba. Ana neman amincewar kamfanin tun kafin tafiya, kuma dole a sanar da matuƙi inda batirin yake. Lissafin ma ɗan firamare zai yi shi: lambar da ke tare da harafin V a jikin batirin sau lambar da ke tare da Ah. Mai 24 da 12 ya ba da 288, ya wuce. Mai 24 da 20 ya ba da 480, ba za a shiga da shi a hannu ba.

Iyakar ƙa'idar ke nan. Duk ma'aikacin da ya mayar da fasinja gida ba tare da ya sunkuya ya karanta lambar ba, ba tsaron jirgi ya yi ba, jahilcinsa ya tsare. Kamfanin da ya ajiye shi a kanta bai koya masa ba kuwa, shi ne jakin da ake bari ana dukan taiki.

Kano na da nata ƙullin. Keke mai lantarki a nan galibi na hannu ne, ko kyautar wata ƙungiya, ko wanda ɗan'uwa ya aiko daga waje. Idan batirinsa ya mutu ba a samun na asali da sauƙi, sai a kai wa mai gyara ya haɗa wani, sau da yawa ba takarda ba rubutu a jiki. Keken zai yi tafiya lafiya lau daga Gyadi-Gyadi zuwa Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, amma a filin jirgi batirin da ba lamba a jikinsa batir ne da ba wanda zai iya shaidarsa, kuma a nan ma'aikacin da ya ƙi karɓa yana da hujja. Wa ya taɓa gaya wa mai keken haka? Bayanin yana can cikin shafukan intanet na kamfanoni, da Turanci, a ƙarƙashin kanun kaya masu haɗari, inda ba mai neman labarin kekensa da zai yi tunanin leƙawa. Jihar da ta sha fama da shan-inna kafin a tabbatar da kawar da cutar daga Nijeriya a 2020, wadda har yanzu titunanta ke cike da kekunan da ake tuƙawa da hannu, ta cancanci takarda guda da Hausa da ke bayyana wannan lissafi.

Ko an tsallake kanta, da sauran rina a kaba. Ƙofar ɗakin kaya ta jiragen da ke zirga-zirgar cikin gida gajera ce, don haka akan kwantar da keken a gefensa, a ɗora masa akwatuna. A idon Yarjejeniyar Montreal ta 1999, wadda Nijeriya ke cikinta, keken kaya ne kamar kowane kaya, kuma iyakar diyyar kaya a tafiyar ƙasa da ƙasa tana kusa da dala 2,000, alhali keken da aka ƙera daidai jikin mutum kan ninka haka sau da yawa. Ba kuma kuɗi kaɗai ake asara ba. A 2021 an lalata keken Engracia Figueroa, wata mai fafutukar haƙƙin naƙasassu a Amurka, a tafiyarta daga Washington zuwa Los Angeles. Aka ajiye ta a keken aro da bai dace da jikinta ba, gyambo ya kama ta, ta rasu a ƙarshen Oktoban shekarar. Wanda bai taɓa jinyar mai ciwon laka ba bai san yadda zaman sa'o'i kaɗan a kujerar da ba tasa ba ke buɗe fata ba.

Amurkawa ba mala'iku ba ne, kamfanoninsu na lalata ko ɓatar da kekuna fiye da 10,000 a shekara. Amma an san adadin ne saboda tun ƙarshen 2018 doka ta tilasta musu bayyana shi. A tafiyar cikin gida kuma iyakar diyyar kaya ba ta hawa kan keke. A Oktoban 2024 ma'aikatar sufurinsu ta ci American Airlines tarar dala miliyan 50 kan yadda ya riƙa mu'amala da naƙasassu da kekunansu.

Nijeriya ma tana da doka. A Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar haramta nuna wa naƙasassu wariya, wadda ta wajabta wa kamfanonin jiragen sama su taimaka musu wajen hawa da sauka cikin aminci, ta kuma ba da wa'adin shekara biyar na gyara gine-ginen jama'a. Wa'adin ya cika a farkon 2024. Tarar kamfanin da ya nuna wariya naira miliyan ɗaya ce, kuɗin da a yau bai kai dala dubu ba, kuɗin 'yan kujeru kaɗan a tashi guda. Shi ya sa mai keke ke roƙon abin da yake haƙƙinsa, ana yi masa da fuskar sadaka, ƙarti biyu su ɗauke shi a matakala jama'a na yi masa sannu. Kuma hakan na iya faruwa har a filin jirgin da ke ɗauke da sunan Malam Aminu Kano, mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana koya wa talaka bambancin haƙƙi da alfarma.

Hukumar NCAA tana da sashen kare haƙƙin fasinja, an kuma kafa Hukumar Kula da Naƙasassu ta Ƙasa tun 2020. Abin da ake nema a wurinsu bai kai tsadar gina sabon titin jirgi ba. A wajabta wa kowane kamfani ya liƙa ƙa'idar batir a kanta da Hausa da Turanci, ya kuma ajiye ma'aikaci ɗaya a kowane tashi wanda ya iya karanta lambar. Wanda aka hana tafiya a ba shi dalili a rubuce, da sunan wanda ya hana. A cire keke daga lissafin akwatuna wajen biyan diyya. Hukumar Alhazai ta tambayi maniyyaci irin kekensa ranar da yake cike takarda, ba ranar da ya iso sansani da jakarsa ba. Sannan a riƙa buga adadin kekunan da aka lalata ko aka ƙi ɗauka duk wata, kamfani bayan kamfani, a fara da filin jirgin Kano.