Hannun da ya riƙe na'ura ya tuna ya sake ta

Manyan gine-ginen zamani, otal ne ko banki ko filin jirgin sama, ba a bin su ɗaki ɗaki ana kunna kilimatizer ana kashe fitila. Ordinater guda ce a wani ɗan biro, daga nan ake ba kowace na'ura umurni. Da faransanci GTB ake kiran wannan tsari. A kan allo kowace na'ura na da suna da lamba, da ƙa'idodin da aka ɗora mata: digiri nawa za ta tsayar da sanyi, ƙarfe nawa za ta tashi, ƙarfe nawa za ta kwanta. Canza ɗaya daga ciki bai fi ƙiftawar ido ba.

Da yawa daga cikin na'urorin nan da harshen BACnet suke magana da juna, wanda ƙungiyar injiniyoyin Amurka ASHRAE ta fitar a 1995, ya zama ƙa'idar duniya a 2003. Waɗanda suka tsara shi sun san masu ba na'ura guda umurni suna da yawa, sai suka jera musu matakai 16, kamar jerin muƙamai a ma'aikata: in na sama ya yi magana, ta na ƙasa ta faɗi. Mataki na 1 da na 2 na ceton rai ne, misali in gobara ta tashi. Na 6 shi ke hana a yi ta kunna inji ana kashe shi ba hutu har ya ƙone. Na 8 na mutumin da ke zaune gaban ordinater ne. Jadawalin lokutan aiki kuwa, can ƙasa aka saba aje shi.

To, a ce ranar alhamis a watan Afrilu darakta ya kira taro, zaure ya ɗau zafi, ya ce a ƙara sanyi. Mai kula da injuna ya rubuta digiri 18 a mataki na 8, ya tilasta injin ya tashi. An watse, kowa ya tafi gida. Amma umurnin nan ba ya gogewa da kansa, sai fa in an sa masa wa'adi. Juma'a da marece jadawali ya ce a kashe, na'ura ta yi kunnen uwar shegu, don akwai maganar da ta fi tasa ƙarfi. Asabar da lahadi kujeru ne ke shan sanyi.

Kuma maganin ba shi ne a koma a rubuta "kashe" ba. Wanda ya yi haka hannunsa na nan kan na'urar, litinin da safe ba za ta tashi ba, a yi ta zargin inji da lalacewa. Abin yi shi ne a share gurbin nan na 8, a bar shi wayam, jadawali ya karɓi aikinsa.

Wani zai ce kuran nawa ne a nan? Takardar NIGELEC ta ƙarshen wata za ta ba shi amsa, in ginin gwamnati ne kuwa daga kuɗin haraji za a biya. Ba mu manta da Agustan 2023 ba, lokacin da Najeriya, wadda a wancan lokaci take ba mu kusan kashi 70 cikin 100 na wutarmu, ta yanke layi har zuwa Maris 2024, aka dinga raba wuta unguwa unguwa a Yamai.

A ganina ɗan kasuwar da ya kashe miliyoyin sefa a gini bai kamata ya sallami kamfanin da ya haɗa masa injuna ba sai ya karɓi kwafin dukkan ƙa'idodin da aka sa, tare da kalmar sirrin shiga. Kada kuma ma'aikata duka su shiga da suna guda, in ba haka ba ranar tambaya kowa zai ce ba shi ba ne. Kowace juma'a kafin a tashi, shugaban ma'aikata ya nemi a fiddo masa jerin na'urorin da ke riƙe a hannu, ya tambayi dalilin kowace guda.