Sai a Ƙasar Waje Ne Za Mu Gane Abokanmu?

'Yan'uwa, tafiya ƙasashen waje ta yawaita a cikin ikkilisiyoyinmu. Wasu suna zuwa ziyarar ibada a Isra'ila da Jodan, wasu neman magani a Indiya ko Masar, wasu ganin 'ya'ya da jikoki a Ingila da Amurka, wasu kuma taron aiki ne yake kai su Nairobi ko Akra. Idan suka dawo suka tsaya a gaban jama'a domin yin godiya, akwai wani labari da muke yawan ji. Mutum zai ce a filin jirgin sama na Addis Ababa ko na Alƙahira, ko a wata kasuwa a Landan, ya ji an kira shi da sunan da ba wanda ya ƙara kiransa da shi tun yana aji biyu. Da ya waiwaya sai ga abokinsa na makaranta, wanda rabonsa da shi shekara talatin. Suka rungume juna, suka ci abinci tare, aka yi ta "ina wane, ina wance" har lokacin tashin jirgi ya yi.

Labari ne mai daɗi, muna kuma taya su murna. Amma akwai tambaya ɗaya da ya kamata mu riƙa yi, wato, a ina wannan abokin yake da zama? Sau da yawa amsar ita ce Kaduna, ko Jos, ko Bauchi, wato garin da mai ba da labarin yake zaune shi ma. Mutum biyu suna shan ruwan gari ɗaya shekara da shekaru, kuɗin mota tsakaninsu bai taka kara ya karya ba, amma sai da kowannensu ya yi fasfo, ya nemi biza, ya biya kuɗin jirgi, kafin su gaisa. A ganinmu wannan abin dubawa ne, kuma ya shafi dattawa fiye da kowa.

Waɗanda suka yi makarantar kwana a Arewa sun san irin zaman da aka yi. Kwalejin Barewa, wadda ta soma a Katsina kafin ta koma Kaduna a 1938, sa'an nan Zariya a 1949, ta ɗauki Yakubu Gowon, ɗan mai bishara da ya tashi a Wusasa, kamar yadda ta ɗauki Shehu Shagari da Murtala Muhammad. Makarantun mishan irin su St. Paul's ta Wusasa, St. John's ta Kaduna da Queen of Apostles ta Kakuri, waɗanda suka zama Kufena, Rimi da Queen Amina bayan gwamnati ta karɓe su, sun tara yara daga kowace kusurwa. Haka Kwalejin Gwamnati ta Keffi da makarantun Gindiri. A ɗakin kwana ɗaya za ka sami Bajju da Bafulatani, Angas da Banufe, Bahaushe Musulmi da Bahaushe mai bi. Gabza ɗaya suka ci, ciyawa ɗaya suka yanka ranar horo, wanda garin kwakinsa ya ƙare kuma ya ci na maƙwabcinsa ba tare da an tambaye shi inda yake sujada ba.

Abin da ya biyo baya ba baƙon labari ba ne a gare mu. Kafanchan a 1987, Zangon Kataf a 1992, Kaduna a 2000 da 2002, Jos a 2001, 2008 da 2010, da rikicin bayan zaɓe na 2011. Kowanne ya bar kaburbura, ya kuma bar ƙaura. A Kaduna, yawancin masu bi suka tattara suka koma kudancin kogi, wajen Sabon Tasha, Television, Narayi da Unguwar Romi, Musulmi kuma suka taru a Tudun Wada, Rigasa da Kawo. A Jos ma unguwanni suka rabu. Ba wanda ya rubuta wa abokinsa takarda cewa abota ta ƙare. Hanya ce kawai ta mutu. An daina zuwa suna, an daina kai abincin Kirsimati da na Salla, daga baya har ta'aziyya ta gagara.

To, me ya sa a ƙasar waje abin yake sauƙi? Muna ganin dalili biyu. Na farko, a can dukanmu baƙi ne. Jami'in da ke duba takardu koren fasfo ɗaya yake gani a hannun Bitrus da hannun Bello, layi ɗaya yake sa su, tambayoyi iri ɗaya yake yi musu. Sanyi da kewar gida da rashin tuwo ba su bambanta su ba. Wanda ya ji Hausa a bakin wani a tsakiyar Dubai ko Delhi ya san yadda zuciya take yin sanyi. Na biyu, kuma shi ne ya fi nauyi, a can babu idon jama'a. Ba maƙwabcin da zai ce, "Me ya kai Baba wane gidan mutanen nan?" Ashe ke nan yawancin abin da yake hana mu ziyara a gida tsoron bakin namu mutanen ne, ƙiyayyar abokin kuwa ba ta taɓa shiga zuciyarmu ba. Idan haka ne, gyaran yana hannunmu.

Mun san akwai masu cewa, "Ku da ba a ƙone muku gida ba, magana tana muku sauƙi." Ba mu raina wannan magana. A cikin masu karanta wannan takarda akwai gwauraye da marayu, akwai waɗanda wanda suka sani da suna ne ya nuna gidansu. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu, ba kuwa mai ganin laifinsa. Gaskiya ne kuma zama a makaranta ɗaya ba ya hana saɓani: a Yulin 1975 Gowon yana Kampala wajen taron shugabannin Afirka aka hamɓarar da shi, wanda ya gaje shi kuwa ɗan Barewa ne kamarsa. Saboda haka ba mu ce kowa ya shiga kowace unguwa a kowane lokaci ba. Abin da muke cewa shi ne, a kowane rikicin da muka lissafta an sami mutanen da suka tsira domin wani daga ɗaya ɓangaren ya ɓoye su a ɗakinsa, ko ya aiko musu da saƙo cewa kada su bi hanya kaza. Irin wannan saƙo daga bakin wanda ya san ka yake fitowa. Mu da muke tsiraru a garuruwa da yawa, duk abotar da muka bari ta mutu, kanmu muka rage wa kariya.

Akwai kuma gargaɗi ga masu tafiya, gama murnar haɗuwa takan sa mutum ya manta da hankali. Shekara talatin tana sāke mutum, ko Kirista ne ko Musulmi. Kada ka karɓi ƙunshi ko jaka daga hannun kowa domin ka kai gida sai an buɗe a gabanka ka ga abin da ke ciki. 'Yan Nijeriya da dama sun shiga kurkuku a ƙasashen waje saboda kayan da aka ba su riƙo, kuma a wasu ƙasashe hukuncin safarar miyagun ƙwayoyi kisa ne. Abokin kirki ba zai ji haushi don ka ce a buɗe ba.

Kada kuma mu mai da haɗuwar ta zama roƙo. Tun ba a gama gaisuwa ba wasunmu sun soma maganar takardar gayyata ga ɗansu, ko taimakon rufin majami'a. Wanda yake zaune a waje yana da kuɗin haya da haraji da 'yan'uwa a gida da suke jiransa kowane ƙarshen wata. Idan ya ga abin da ke aljihunsa muke nema, gobe ba zai ɗauki waya ba. Haka nan, idan muka tarar wanda yake zuwa na ɗaya a ajinmu yana gadi ko yana kula da tsofaffi a can, aikinsa ne na halal, kada mu dawo da shi gida ya zama abin hira a bakin ƙofar majami'a. Ya karɓe mu, ya ciyar da mu, haƙƙinsa ne mu rufa masa asiri.

Abin da muke roƙo ba mai wuya ba ne. Duk wanda ya sadu da abokin makaranta a tafiya, kada lambar wayar ta kwanta a aljihu. Ya kira cikin makon da ya dawo. Idan gari ɗaya suke, su sa rana, ko da a wurin da hankalin kowa zai kwanta ne da farko, kamar taron tsofaffin ɗalibai ko harabar tsohuwar makarantarsu. Gaisuwar safe a zauren WhatsApp na 'yan aji tana da kyau, amma Hausawa sun ce zumunci a ƙafa yake. Idan an yi masa rasuwa mu je, idan muna aurar da 'ya mu aika masa da kati, mu kuma tanadi abin da zai iya ci.

Dattawa da shugabannin zumuntar mata, idan ɗan ikkilisiya ya karɓi irin wannan baƙo a gidansa, kada mu bari a yi masa kallon wanda ya sayar da mu. Mu ne za mu fara miƙa wa baƙon hannu. Mu tuna kuma yawancin 'ya'yanmu a yau suna makarantun unguwa ko na kuɗi inda kowa irinsu ne. Da yawa za su gama sakandare ba su da aboki ko ɗaya daga ɗaya ɓangaren. Masu furfura ne kaɗai suka rage da irin wannan abota, kuma kowace shekara muna binne wasu daga cikinsu. Idan za mu kai ziyarar, mu tafi da jikokinmu, su ga kakansu yana dariya da mutumin da aka ce musu abin tsoro ne.

Ubangiji ya kiyaye masu tafiya, ya dawo da su lafiya, ya kuma ba mu zaman salama da maƙwabtanmu. Amin.